Filtar Motar Gildas

Shafi na 23

Masu zagina a ƙasan shafin jiya wai na tsani Fifame, ku adana sauran zagin, yau za ku neme shi. Ba ni na haifi Gildas ba, labarinsa kawai nake ba ku.

Asabar da safe ruwan da aka yi a Kwatano ya ɗauke, tsakar gidan hayarsu na Agla duk ta jiƙe. Fifame na tsaye da leda a hammata tana kallon motar mijinta. Tsagaggen ganyen kwakwar manja ne a ɗaure daga wannan madubi zuwa wancan, ya zagaya har bayan motar. Ko yaron goye a unguwar ya san in an ɗaura wannan ganye da suke kira azan a jikin abu ba a tsallaka shi.

Tanyi ce ta ɗaura. Yayar mahaifin Gildas ce, ita ke zuba wa kakannin gidansu ruwa, kuma abin da ta faɗa ya zauna ko da a kan wuyan mutum ne. Kwananta huɗu da zuwa daga Abomey. Bokono, wato bokansu na can, ya buga mata Fa, dubansu na gargajiya, ya ce abin da ya kashe wa Gildas kasuwa, ya kuma shaƙe ƙirjin 'yarsa Sika, yana cikin motar nan, kuma hannun da ke cin abinci kwano ɗaya da shi ne ya ajiye. Tsohuwa ta sa an ɗaga kujeru, an zazzage but, an leƙa har ƙarƙashin tayar sifiya, ba a ga komai ba. Sai ta ɗaure motar ta ce ba mai shiga sai gobe Lahadi, ranar da za su ɗunguma Abomey a wanke ta.

Goben ce ta tsaya wa Fifame a rai. Tafiyar awa uku ce, da Sika a kujerar baya.

Shekarar Sika bakwai, asma gare ta. Ranar Alhamis likita ta tambayi Fifame a ina ciwon ya fi taso wa yarinyar, ta ce a mota, duk safiya in an kunna esi za a kai ta makaranta. Likitar ta tambaye ta yaushe rabon da a canza filtar esin. Fifame ba ta ma san esi na da filta ba. Da ta dawo gida ta faɗa wa Gildas, bai ko ɗago daga wayarsa ba, ya ce kada ta kuskura ta taɓa masa mota. Washegari ta biya wajen wani mai kayan mota a hanyar shagon ɗinkinta, ya ba ta sabuwa fara tas a kwalinta, ya kwatanta mata da hannu yadda ake sakawa. Ya ce aikin minti goma ne, ko ita za ta iya.

To ga shi Tanyi da Gildas sun hau zem, acaɓar garin, sun tafi kasuwar Dantokpa sayen kaji da manja da giyar sodabi na aikin gobe. Sika na ɗaki tana shan koko da yovo-doko, fanken garin, uwar ta ja mata kunne kada ta fito. Fifame ta duba hagu ta duba dama. Ta ɗaga ganyen da bayan hannu, ta ce masa a yafe mata, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga.

Warin ne ya fara tarbar ta, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Kwana huɗu motar a rufe.

Ta buɗe durowar gaban mota ta kwashe tarkacen ciki, takardun mota, tsohon caji, kwalbar turare da ba komai a ciki. Mai kayan ya ce a matse gefe da gefe sai durowar ta sauko. Ta matsa, ta ƙi. Ta sake matsawa har farcenta ya karye, ta ƙi. Minti goman nan ya zama ashirin, zufa na bin bayanta, kunnenta na ƙofar gida. Sai can ta gano wani ɗan siririn ƙarfe a gefen dama da ke riƙe da ita, ta zare shi, ta danna gefunan da dukkan ƙarfinta. Durowar ta faɗo mata a gwiwa.

Ga murfin nan dogo siriri, daidai yadda aka ce. Ta ɓalle shi, ta sa yatsu biyu ta jawo abin da ke ciki.

Allah Sarki, wannan ce iskar da yarinya ke shaƙa kullum. Filtar ta yi baƙi ƙirin, ta lanƙwashe, kuma a kanta ɓera ya gina gida ya zauna da iyalinsa. Busassun ganye, gashin kaza, ɓawon ƙwarar manja, kashin ɓera birjik, ga busasshiyar tsaka ta manne a gefe. Ya jajibo ƙyallaye da zare daga buhun guntayen ɗinkin da take mantawa a motar, ya haɗa da gashin kitson Sika, ya nannaɗe su wuri ɗaya. Fifame ta toshe hanci da gefen zaninta, hawaye ya zo mata, na tausayin 'yarta da kuma na murna, don yau dai ta ga maƙiyin da idonta.

Ta fito da ƙafa ɗaya waje, abin a hannunta, tana neman inda za ta zubar.

Ƙofar gida ta yi ƙara.

Tanyi ce a gaba da sandarta, Gildas na biye da kaji biyu a rataye ƙafa sama. Ashe ruwa ya cinye hanyar kasuwa, a ƙaramar kasuwar unguwa suka yi sayayyar suka juyo. Tsohuwa ta dubi ganyen da aka ɗaga, ta dubi ƙofar mota a buɗe, ta dubi hannun Fifame. Ba ta yi ihu ba, ita ba ta ihu. Ta nemi kujerar 'yar tsugunno ta zauna, ta ɗora haɓa a kan sanda.

"Ajiye shi a ƙasa, matarmu. A hankali."

"Tanyi, filta ce. Ta esi ce, likita ce ta ce…"

"Na ce ki ajiye."

Ta ajiye. Tanyi ta aika a kira mutanen gida, ta ce abin da ido ɗaya ya gani ƙarya ne, tana son shaidu. Nan da nan aka fito. Maman Hovi mai tagwaye ta fito da ludayi a hannu, Barnabe mai zem ya fito yana sa rigarsa mai ruwan ɗorawa, matan ɗakin baya suka jeru a jikin bango. Aka yi wa baƙin abin zobe, ba mai matsowa kusa.

Tanyi ta sa bakin sanda tana tona shi, tana kiran sunan kowane abu a fili kamar mai lissafa kayan miya. Gashin kaza. Ƙwarar manja. Tsaka. Gashin mutum. Duk wanda ta kira sai matan su ja numfashi. Sannan sandar ta zaƙulo wani ɗan ƙyalle shuɗi mai zanen kifi, ta ɗaga shi sama, ta juya a hankali ta nuna ƙirjin Gildas.

Rigar da ke jikinsa ce. Shuɗiya mai zanen kifi, Fifame ce ta ɗinka masa da Ista.

Maman Hovi ta yi alamar gicciye, ta ja da baya har ta taka ruwa.

Fifame ta yi bayani, ta yi, ta sake yi. Ta ce ɓera ne, guntayen ɗinkinta ne ya ja, kowa ya san tana barin buhun a mota. Ta zaro sabuwar daga kwali ta ɗora kusa da tsohuwar ta ce a duba, girmansu ɗaya, ninkinsu ɗaya, wannan ce ta tsufa ta koma haka. Ta faɗi sunan likitar, ta faɗi inda shagon mai kayan yake, ta ce a kira shi yanzu a waya. Tana haɗa kalma biyu wuri ɗaya, kuma ita kanta ta ji yadda take kama da mai kare kanta.

Tanyi ta bar ta har ta gaji. Sannan ta ce ɓeran Kwatano akwai ilimi, ya bar ƙyallen matan unguwa kaf ya zaɓi na maigida, ya bar gashin kowa ya zaɓi na yarinyar da ke ciwo. Ta ce an ɗaga kujeru ba a gani ba, an zazzage but ba a gani ba, amma matarmu ta jira sai da gida ya yi shiru, ta tsallake azan, ta tafi kai-tsaye inda abin yake ba ta ɓata ba. Wa ya san maɓoyar abu in ba wanda ya ɓoye ba? Yau ta zo ɗaukewa ne don gobe bokono zai gani.

"Ga ma sabo ta kawo za ta dasa," in ji Tanyi. "Fari, don kada a gane."

Barnabe ne kaɗai ya yi ta maza. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai, a yi masa afuwa, abin ya yi masa kama da filta, ko da yake ta babur ba haka take ba. Ya ce shi mota ba fanninsa ba ce, amma ga babban yaya Fofo Gildas nan, shekara goma sha biyu yana dillancin motoci a filin Sekandji kafin kasuwa ta mutu. In akwai wanda ya san cikin mota a gidan nan shi ne, a tambaye shi a huta.

Duk aka juya.

Wallahi sai da Fifame ta ji sanyi a ranta. Ta ma manta yana wurin. Gildas na tsaye tun ɗazu a gindin famfo, kajin na ta fuka-fuki a hannunsa. Shekara tara suna tare. Sun yi faɗa, sun yi gaba, shekara biyun nan da yake zaune a gida ba ya ko son jin ƙarar keken ɗinkinta, amma uban Sika ne, kuma ya sani.

"Papa Sika, faɗa musu."

Ya ajiye kajin. Ya tako a hankali, ya tsuguna a gaban abin, ya daɗe yana kallo. Ya dubi sabuwar. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa.

"Mota ta fi dubu ta bi ta hannuna," ya ce. "Ban taɓa ganin irin wannan a bayan durowa ba."

"Papa Sika."

"Filta a gaba take, wajen inji. Nan ba wurin komai ba ne."

Barnabe ya sunkuyar da kai ya ce to, shi ke nan, ya ja babur ɗinsa ya fice neman fasinja. Ka ji mazan.

Fifame ta tsaya baki sake. Ba ta yi kuka ba a lokacin, kanta ne ya ɗauki zafi, ta ji kamar an zuba mata ruwan barkono a kunne. Ta ce masa ya dube ta ya maimaita. Ya dube ta kuwa, ido cikin ido, ya maimaita, har da ƙarin cewa ya daɗe yana jin jikinsa na mutuwa duk lokacin da ya zauna a motar. Ya ce yanzu ya gane dalilin da duk cinikin da ya taɓa sai ya watse, ita kuma shagonta kullum cike da mata. Yana faɗa kafaɗunsa na buɗewa. Shekara biyu ana yi masa kallon malalaci mijin tela, yau an wanke shi a gaban gida guda.

Tanyi ta ce a kawo ruwa a ƙwarya. Ta ce Fifame ta durƙusa, da ta ƙi, matan ɗakin baya biyu suka danna kafaɗunta har gwiwarta ta nutse a taɓo. Ɗaya daga cikinsu ko sati ba a yi ba da Fifame ta rage mata riga kyauta. Tsohuwa ta tsiyaya ruwan a ƙasa tsakanin Fifame da ƙofar ɗaki, ta ja layi, ta kira sunayen matattun gidansu ɗaya bayan ɗaya ta ce su gani. Daga yau matar nan ba ta tsallaka ruwan nan, ba ta dafa abin da jininsu zai ci, ba ta taɓa jininsu.

A nan Fifame ta gane inda aka dosa.

"Sika fa?"

"Sika tamu ce. Ke kika zo da ita daga gidanku?"

Tanyi ta ce ba za a jira gobe ba, yanzu za a tafi, tun abin bai huce ba. Yarinya za ta zauna a Abomey a hannunta har a cire mata abin da aka zuba mata a ƙirji, wata uku ko shekara uku, Fa ne zai faɗa. Ta aiki Maman Hovi ɗaki ta haɗa kayan yarinyar ta fito da ita.

Sika ta fito da sauran yovo-doko a hannu, sukari a gefen baki. Ta ga uwarta a durƙushe a taɓo, ta tafi da gudu za ta faɗa jikinta. Sanda ta tare ta a ciki.

"Kada ki taɓa ta. Ita ce ke shaƙe ki."

Yarinya ta dubi uban tana neman ya ce ƙarya ne. Ya ce ta ji abin da Tanyi ta ce, ta shiga mota. Sai ta fara kuka, kuma duk uwar mai asma ta san abin da kuka ke jawowa. Tun daga inda take Fifame ta fara jin ɗan siririn fiton nan a ƙarshen kowane numfashi.

Nan ta zubar da duk wani girman kai. Ta daina cewa ba ita ba ce. Ta ce ta ji, ta yarda, a kira ta duk sunan da aka ga dama, a kai ta gaban kowane bokono za ta sha abin da aka ba ta. Abu ɗaya take roƙo, a bar ta ta saka sabuwar filtar kafin a tashi, ko wani ya saka in hannunta ne ba a so. Ramin a buɗe yake yanzu, cike da ƙura da kashin ɓera, in aka kunna esi ba abin da zai tare, duk a fuskar yarinyar zai ƙare.

Tanyi ta tashi daga kujera. Ta tako har inda farar filtar take, ta sa sanda ta ture ta cikin kwatar da ke bin gindin bango, ta ɗora silifas a kai ta danna har baƙin ruwa ya haɗiye ta.

"Kin ji ta da bakinta, ta ce ta yarda," ta ce wa matan.

Tsohuwar filtar kuwa, ita aka girmama. Tanyi ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta tura ta ciki da sanda, ita da sheƙar ɓeran da komai, ta ƙulle baki huɗu. Ƙura ta tashi har Maman Hovi ta yi atishawa. Tanyi ta ce ba a sa irin wannan a but, sai ya gudu a hanya, dole ido na kansa har gaban bokono. Ta ajiye ƙullin a kujerar baya, a tsakiya, ta zaunar da Sika a gefensa, ita ta zauna a ɗaya gefen.

Fifame ta ce to a ba yarinyar maganin shaƙarta, yana cikin jakar hannunta a rataye bayan ƙofa, shuɗi ne, fesawa biyu in numfashi ya ƙi. Maman Hovi ta ɗan motsa kamar za ta ɗauko. Tanyi ta ce duk abin da ya kwana a jakar matar nan ba zai shiga motar nan ba, shekara nawa ana fesa wa yarinya shi, ta warke? A Abomey akwai ganye. Maman Hovi ta koma jikin bango ta sunkuyar da kai.

Gildas, da ya riga ya kwance ganyen azan da izinin Tanyi, ya jefa kajin a but, ya sauke gilasai don warin ya fita, ya zagayo gefen da durowar ke reto a buɗe. Matan sun saki Fifame, ta ja gwiwa har bakin ƙofar motar, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Daga nan tana ganin hannunsa sarai.

Ya ɗauki dogon murfin daga ƙasa, bai ko duba ina ne sama ina ne ƙasa ba, ya tura shi ya ce ƙyas. Ya ɗaga durowar, ya matse gefunan da yatsa biyu, ya maƙala siririn ƙarfen yana kallon wani wuri. Abin da ya ci mata minti ashirin da farce ɗaya, kafin ta haɗiye miyau ya gama.

Ta ɗago ta dube shi. Ya san ta gani.

"Ka sani," ta ce, muryarta can ƙasa.

Ya sunkuyo kamar mai gyara tabarmar ƙafa, yadda ba mai ji sai ita.

"Na canza ta fi ɗari. Kafin mu sayar da mota ita muke fara cirewa."

"To don me?"

"Famfo ya lalace, ke. Fanka ta tsaya, ke. Kuɗin makaranta, ke. Har yara a layi sun san wa ke gyara a gidan nan. Mota kaɗai ta rage da ake cewa ta Gildas, ita ma sai da kika shiga."

"'Yarka ce a baya, Gildas. Ka ji numfashinta."

"Na ji."

"Ka bar gilashi a buɗe kawai. Kada ka kunna esi. Ban roƙe ka komai ba bayan wannan, ka riƙe gidan, ka riƙe sunan da kuka sa mini."

Ya ɗago kai. Idonsa ya kai kan Sika a kujerar baya, kuma na rantse a wannan daƙiƙar uba ne, fuskarsa ta motsa. Da an bar shi shi kaɗai wataƙila da ya ce to.

Sai Tanyi ta yi magana daga baya. Ta ce me yake tsaye yi da ita har yanzu, ko ta fara karanta masa wani abin ne? A rufe gilasai duka, kada iskar bakin matar nan ta bi su, kuma a kunna sanyin nan, ita tsohuwa ce ba za ta dahu a hanya ba.

Matan gida na kallo. Gildas ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa mai kifi.

"Ke mai gyara ce," ya ce. "Gyara wannan."

Ya ɓamɓare yatsunta daga jikin ƙofar ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. Ya zagaya ya shiga, ya tayar. Gilasai huɗu suka hau sama. Ta ga hannunsa ya kai kan maɓallin, ya murɗa har ƙarshe, ta ga ƙura ta feso daga ramukan iska, toka-toka, ta cika motar kamar an kakkaɓe buhun gawayi. Tanyi ta kare hanci da mayafi. Sika ba ta da mayafi.

Fifame ta ga bakin yarinyar ya buɗe, kafaɗunta sun ɗaga, amma ba ta ji tarin ba, gilashi ya tare.

Motar ta fita. Fifame ta tashi ta bi ta, ba takalmi, taɓo har cinya, zaninta na kwancewa tana riƙe shi da hannu ɗaya. Masu shago a layin suka fito kallo, labari ya riga ta fita, wata mai sayar da tuwon akassa ta janye ɗanta daga hanya kada Fifame ta goge shi. Ba ta ga kowa ba. Gilashin baya kawai take gani, da ɗan tafin hannun da ya manne a jikinsa.

A ƙarshen layi jajayen fitilun birki suka kama. Motar ta tsaya cak.

Fifame ta ce a ranta Gildas ya dawo hankalinsa. Ta ƙara gudu tana kiran sunan Allah, tana gode masa tun kafin ta isa, har ta miƙa hannu za ta kama murfin but.

Ramin ruwa ne a gabansa, yana neman ta inda zai bi kada ya ɓata tayarsa. Ya karkata hagu a hankali, ya haye kwalta, ya taka mai.

Ɗan hannun ya bugi gilashin sau ɗaya. Ya sake buga na biyu, ba ƙarfi. Fifame na tsaye a tsakiyar titi, masu zem na zaginta suna kauce mata, tana jiran na uku.

Hannun ya sulale ƙasa, bai sake ɗagowa ba.